Daga adaka zuwa kalashi: abin da tsawon bindiga ya canza a ƙasarmu

Ni kalmomi nake karantawa a jami'a, don haka da su zan fara. Bindiga, albarushi, harsashi, duk daga Larabci muka aro su, alamar cewa ta hanyar hamada aka fara sanin kayan nan. Amma sunan da ya fi burge ni namu ne na gida: harba-ruga. Sunan kaɗai ya ba da labari. Ka harba sau ɗaya, sai ka ruga, don kafin ka sake ɗura ta abokin gaba ya cim maka.

Me ya sa irin wannan bindiga take da tsawo haka? Idan albarushi ya kama wuta, iskar da ya fitar ita ke tura harsashi, kuma tana tura shi ne muddin yana cikin bututu. Bututu mai tsawo yana ba shi ƙarin gudu, har zuwa wani iyaka, yana kuma sauƙaƙa saiti. Sai dai cikin bututun adaka sumul yake, babu zanen murɗe da ke juya harsashi, shi ya sa tsawon nata bai hana ta kuskure ba. Ga nauyi. Ga shi ta baki ake ɗura ta, a tsaye, ana dannawa da sanda. To, yaya mahayi cikin lifidi zai yi haka a kan doki? Ba ya yiwuwa. Barade suka riƙe mashi da takobi, aka bar wa dakaru bindiga, yawancinsu bayin sarki. Ko Tanimu na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, da ya tara dubban bindigogi har ya sa aka ƙera masa igwa, a hannun masu tafiya ƙasa ya sa su.

A 1899 sojojin Voulet da Chanoine suka ratsa ƙasar nan, suka ƙone Birnin Ƙonni, tafiyar jagororin biyu ta ƙare a Maijirgi, kusa da Tasawa, ba nisa da Agiye. Bindigar sojan Faransa ta zamanin, Gras ta 1874, bututunta santimita 82 ne. Ka ga ba tsawo ta fi adaka ba. Ta baya ake sa mata harsashi, cikinta kuma da zane, mutum na iya ɗura ta yana kwance. A nan bambancin yake. Lebel ta 1886 ta zo da albarushi marar hayaƙi mai ƙarfi sosai, daga nan masu ƙira suka fara gane cewa ana iya rage tsawo harbi bai lalace ba.

Wani abin dariya: a 1902 Faransa ta ƙera wa sojojinta na Indocina bindiga gajeriya, wai su gajeru ne, a 1907 kuma ta yi wa baƙaƙen sojojinta na Afirka doguwa. Har tsayin mutum sai da mulkin mallaka ya auna.

Kalashi, wato AK-47, bututunta santimita 41 da rabi ne kacal, kusan rabin na Gras. Harbin nesa ba shi ne gwanintarta ba, amma tana shiga ƙarƙashin riga, wanda aka goya a moto kuma yana iya riƙe ta ana gudu. Abin da ya gagari barade a kan doki, ƴan bindiga suna yin sa yau a kan moto a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa, inda tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka sauka. Manomin da ya tare su da bindigar baushe, harbi ɗaya gare shi.