Rumbun gajimare: Yadda gwamnati ke hayar ma'ajiyar bayanai, da abin da hakan ke nufi ga ƙasar Haɗeja

Rumbun gajimare suna ne da ake bai wa tsarin ajiye bayanai da sarrafa su a manyan kwamfutocin wani kamfani, inda mai bayanan yake kaiwa gare su ta intanet, yana kuma biyan kuɗin haya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Sunan aro ne daga Turanci, kuma yakan rikita mai ji, domin babu abin da ake ajiyewa a sararin sama. Bayanan suna zaune ne a wasu gine-gine masu gadi da sanyi da wutar da ba ta yankewa, waɗanda ake kira cibiyoyin bayanai.

Idan ɗan kasuwa ya yi irin wannan haya, dukiyarsa ya sa a hannun wani. Idan gwamnati ce kuwa, amanar jama'a ta miƙa: sunayen ma'aikata da albashinsu, takardun filaye, katunan marasa lafiya, sakamakon jarrabawa da jerin manoman da ake bai wa taki. Shi ya sa kwangilar ta bambanta da ta hanya ko ta gada. Hanya idan an gama ta, ɗan kwangila ya tafi. A nan kuwa ɗan kwangila yana riƙe da kayan har ranar da yarjejeniya ta ƙare.

Abin da gwamnati ke saye

Hayar iri uku ce. Na farko, gwamnati ta karɓi ƙarfin kwamfuta da wurin ajiya kawai, ma'aikatanta su ɗora nasu manhajoji. Na biyu, ta karɓi dandalin da aka riga aka shimfiɗa, masananta su gina abin da suke so a kai. Na uku, ta karɓi manhajar da aka gama haɗawa, kamar ta imel ko ta biyan albashi, ta riƙa biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Gwargwadon yadda aikin ya yi sauƙi ga ma'aikata, gwargwadon yadda ragamar ke ƙara komawa hannun kamfani.

Ana auna ƙarfin cibiyar bayanai da matakai huɗu da cibiyar Uptime ta Amurka ta tsara. A mataki na 3, ana iya gyaran kowace na'ura ba tare da an tsayar da aiki ba. A mataki na 4, ko da wani sashe ya lalace ba zato, aiki zai ci gaba.

Tushen da ke Jigawa

Jihar Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, jihar ta kafa kamfanin sadarwa mai suna Galaxy a Dutse, tare da makarantar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure. A kan wannan tubali ne aka gina Galaxy Backbone, kamfanin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2006 domin haɗa ma'aikatu da hukumomi a kan layin sadarwa guda da kuma ajiye musu bayanai.

Kamfanin yana da cibiya mai mataki na 3 a Abuja. A watan Satumban 2018 aka sa hannu a birnin Beijin kan yarjejeniyar Dala miliyan 328 tsakaninsa da kamfanin Huawei, da rancen bankin Exim na ƙasar Sin, domin faɗaɗa layukan sadarwa. A ƙarƙashin wannan shiri aka gina cibiya ta biyu a Kano, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. Ita ce babbar ma'ajiyar gwamnati mafi kusa da Haɗeja.

Hukumar da ke tsara ƙa'idojin wannan harka ita ce Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA. Shugabanta tun daga watan Agustan 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan asalin Haɗeja ne, kuma ya taɓa aiki a Galaxy Backbone kafin ya koma Babban Bankin Najeriya.

Dokokin da ke tafiyar da cinikin

A matakin tarayya, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta sa gasa a fili ta zama hanyar bayar da kwangila ta asali, ta kuma kafa hukumar BPP domin sa ido. Jihar Jigawa tana da nata ofishin bin ƙa'ida da duba ayyuka a Dutse, wanda ke tantance kwangilolin jihar.

A 2019 NITDA ta fitar da manufar ƙasa kan rumbun gajimare. Manufar ta buƙaci hukumomi su fara duba yiwuwar haya kafin su sayi nasu na'urori, ta kuma rarraba bayanai daki-daki, daga waɗanda kowa zai iya gani zuwa na sirrin tsaron ƙasa, waɗanda ba a yarda su bar Najeriya ba. Tun kafin nan, ƙa'idojin hukumar na 2013 kan fifita kayan cikin gida sun tanadi a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa.

Sai kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Dokar ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da ita cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Miƙa ajiya ga ɗan kwangila ba ya sauke nauyin daga wuyan ma'aikatar da ta tara bayanan.

Dalilin da ya sa batun ya shafi Haɗeja

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Yawancinsu suna kwance ne a fadamar Kogin Haɗeja, wanda ruwansa ke gangarowa daga yankin madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano. Kogin shi ne arzikin shinkafa da alkama da kifin yankin, shi ne kuma barazanarsa. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, kuma a shekarun 2012 da 2020 da 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a sassan yankin.

Ruwa ba ya tantance gidan talaka da ofishin gwamnati. Fayil ɗin da ke cikin kabad da kwamfutar da ke kan tebur duk abincin ambaliya ne. Idan takardar gona ta narke, shari'ar gado ko ta iyaka takan ɗauki shekaru. Idan rajistar asibiti ta salwanta, likita zai fara daga farko da mai ciwon da ya daɗe yana jinya. Bayan ambaliya kuma, lokacin da ake buƙatar sahihin jerin waɗanda abin ya shafa domin rabon tallafi, a lokacin ne takardu suka fi wuyar samu. Kwafin da ke Kano da wani a Abuja yana tsira daga duk wannan.

Sai dai rumbun da ke nesa ba ya amfani idan babu hanyar zuwa gare shi. Ofishin da ba shi da wuta ko layin intanet mai ƙarfi ba zai iya buɗe bayanansa ba, ko da suna nan lafiya. A ranar 14 ga Maris, 2024, wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, al'amarin da ya kawo cikas ga bankuna da kamfanonin sadarwa a Najeriya. Wanda ajiyarsa ke ƙetare ya fi kowa jin jiki a irin wannan rana.

Inda haɗarin kwangilar yake

Abu na farko shi ne ikon doka. A 2018 Amurka ta yi dokar da ta bai wa hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ta hanyar kotu, ko da an ajiye su a wata ƙasa. Saboda haka sanin garin da na'ura take bai isa ba, sai an san ƙasar da mai na'urar ke yi wa biyayya.

Na biyu shi ne kuɗi. Manyan kamfanonin duniya sun saba lissafi da Dala. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin Dala a kan kusan Naira 460 a hukumance, amma zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,400. Hukumar da ta ƙulla haya da Dala a wancan lokaci ta wayi gari kuɗin hayarta ya ninka sau uku ba tare da ta ƙara ko fayil ɗaya ba.

Na uku shi ne dogaro da kamfani guda. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta bai wa Microsoft kwangilar Dala biliyan 10 a 2019, Amazon ya garzaya kotu, aka soke ta a 2021. A watan Disamban 2022 aka raba sabuwar kwangila ta Dala biliyan 9 tsakanin Amazon da Google da Microsoft da Oracle. Ko ƙasa mafi ƙarfi ta gwammace kada ta rataya komai a wuyan mutum ɗaya.

Abin da ya kamata yarjejeniya ta fayyace

Kwangila mai kyau tana bayyana garin da za a ajiye bayanai da inda kwafinsu na biyu zai zauna, da tazara mai nisa a tsakani. Tana faɗin wanda ke riƙe da mabuɗin sirrin da aka kulle bayanan da shi, kuma ya fi dacewa ya kasance a hannun gwamnati. Tana ƙayyade sa'o'in da za a dawo da aiki idan ya tsaya, da tarar da kamfani zai biya idan ya saɓa. Tana tabbatar da cewa ba za a rufe wa hukuma bayananta ba don an yi jinkirin biyan kuɗi, wanda abu ne sananne a kasafin gwamnati. Tana kuma tsara yadda za a miƙa komai, cikin sigar da wani kamfani zai iya karantawa, ranar da aka rabu.

Ga manomin Auyo ko masuncin Guri, waɗannan sharuɗɗa su ne ke yanke hukunci kan ko sunansa zai fito a rajista bayan ruwa ya janye. Majalisar dokokin jiha da 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula suna da hurumin neman ganin su kafin a sa hannu, domin gyaran yarjejeniya ya fi sauƙi tun bayanan ba su bar hannun mai su ba.