Daga Dufuna zuwa Tiga: Tarihin Ƙirar Jirgin Ruwa da Yadda Ake Gane Ta

Ƙofar Wambai, wadda ke fuskantar Fagge, tsohon zangon fatake, ta saba da raƙuma da jakuna fiye da jiragen ruwa, amma duk da haka arzikin Kano bai taɓa rabuwa da kwale-kwale ba, domin goron Gwanja ba ya isowa birni sai ayari ya ƙetare kogin Kwara a wuraren Yawuri da makamantansu. Saboda haka tarihin gangar jirgi, wato jikinsa da ke zaune a cikin ruwa, tarihi ne da ya shafi Bakano, kuma wanda ya iya karanta wannan ganga yana iya faɗin irin ruwan da aka ƙera ta dominsa.

Ƙira mafi tsufa ita ce ta gungume guda da ake rarakewa da gizago. A shekarar 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, ya ci karo da irin wannan kwale-kwale, wanda masana daga jami'o'in Maiduguri da Farankfot ta Jamus suka tono a 1994, suka kuma ƙiyasta cewa ya kai shekara 8,000. Tsawonsa ya ɗara mita 8, an sassaƙa shi daga itace dangin maɗaci, goshinsa da bayansa duka masu tsini ne. Alamar wannan ƙira ita ce rashin mahaɗi a jiki, da ƙuncin ciki wanda kaurin bishiya ya ƙayyade, da tsinin da ke barin ruwa ya rufe a hankali bayan jirgi ya wuce, abin da ke sauƙaƙa wa mai filafili tuƙi.

Inda manyan itatuwa suka yi ƙaranci, masassaƙan kogin Kwara sukan haɗa rabi biyu su ɗinke da igiya, sannan su toshe kafofin, kuma da irin waɗannan kwale-kwale guda biyu Bature mai bincike Mungo Park ya haɗa jirgin da ya bi ta Yawuri kafin ya halaka a Busa a 1806. Daga baya katakon da zarto ya tsaga da ƙusa suka ba maƙera damar faɗaɗa ciki da ɗaga gefe, aka sami jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi da ke ɗaukar buhuna da dabbobi ba tare da ya tokari yashi ba.

Babban sauyi ya zo da injin da ake ratayawa a baya, wanda Ole Evinrude ya fara ƙerawa domin kasuwa a Amurka a 1909. Injin yana buƙatar wurin kama, don haka aka yanke tsinin baya aka kafa allo mai kauri a tsaye, kuma wannan allo shi ne abu na farko da ake dubawa wajen rarrabe jirgin inji da na filafili. A can ƙetare maƙera sun raba ganga gida biyu, akwai mai keta ruwa, wadda tsawonta ke iyakance gudunta, akwai kuma mai hawa bisa ruwa, wadda goshinta ke ɗagawa idan inji ya ɗauki wuta. Kamfanin Chris-Craft ya yi suna da nau'i na biyu tun shekarun 1920, Riva ta Italiya ta fito da nata mai suna Aquarama a 1962, shi kuwa Ray Hunt ya zana gindi mai kaifi tun daga goshi har baya, wanda ya ci tseren Miyami zuwa Nasau a 1960, saboda yana tsaga igiyar ruwa maimakon ya riƙa dukanta.

A Arewa, madatsar Kainji da aka kammala a 1968 da ta Tiga a 1974 sun haifar da faffaɗan ruwa mai iska da igiya, wanda gangar kogi ba ta saba da shi ba. Shimfiɗaɗɗen gindi yana zaune daram a kwantaccen ruwa, amma idan igiya ta tashi sai ya riƙa buguwa har ƙusoshi su saki, nauyin inji kuma yana danne baya, yawan kaya ya rage tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Hatsarin Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Bagwai a watan Nuwamban 2021, inda ɗalibai ƙanana da dama suka rasu, sun sa gane ƙira ya zama batun ceton rai. Ya wajaba ga hukumar kula da hanyoyin ruwa da sarakunan ruwa da fasinjoji su riƙa duba allon baya, da mahaɗan katako, da tsayin gefe bayan an yi lodi, kafin a kunce igiya daga gaɓa.