Sirdi

Kalmar sirdi, wato mazaunin da ake ɗaura wa doki a gadon baya, ta samo asali ne daga kalmar Larabci sarj, kamar yadda linzami ya fito daga lijam. A Faransa ma sunan wannan kaya ya shiga dukanci, domin a gidan Hermès, wanda Thierry Hermès ya kafa a Paris a 1837 don yin kayan doki, kuma har yau zuriyarsa ke riƙe da akasarin hannun jarinsa, ana harhaɗa jakunkuna masu tsada da "ɗinkin sirdi". Baduku yana zura allura biyu masu zare ɗaya ta kowace huda, ta yadda ko zaren ya tsinke wuri guda sauran ba ya warwarewa, ingancin da keken ɗinki bai kai ba.