Zaman Makoki da Ta'aziyya a Ƙasar Hausa

Zaman makoki shi ne zaman da dangi da maƙwabta suke yi a gidan mamaci bayan an dawo daga maƙabarta, ta'aziyya kuwa ita ce gaisuwar da ake kai musu a wannan zama. Maza kan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko a zaure, mata kuma suna ciki tare da matar mamacin da 'ya'yansa mata. Al'adar ta girmi Musulunci a ƙasar Hausa, amma kamannin da aka san ta da su yau Musulunci ne ya ba ta.

A wurin Maguzawa, waɗanda suka riƙe addinin gargajiya a ƙauyukan Kano da Katsina, mutuwa ba ɗaya ba ce. Ta yaro ko saurayi abin kuka ce da kururuwa. Ta tsohon da ya ga jikoki da tattaɓa-kunne kuwa ba ta da nisa da biki, domin akan tara dangi, a yi kiɗa, a ci a sha. A ganinsu wanda ya cika kwanakinsa cikin zuriyarsa bai yi asara ba.

Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun kawo Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma addinin ya ƙara kafuwa a zamanin Muhammadu Rumfa, lokacin da Shehu Magili ya sauka Kano wajen 1492. Da karatun littattafan Malikiyya irin su Risala, sai aka daidaita sha'anin gawa: a yi mata wanka, a sa ta a likkafani, a sallace ta da kabbara huɗu ba ruku'u ba sujada, a ɗauke ta a makara ba tare da jinkiri ba. Aka iyakance makoki ga kwana uku, in ban da matar mamaci, wadda take takaba wata huɗu da kwana goma, ko zuwa ta haihu in tana da juna biyu. Kai abinci gidan rasuwa ma yana da tushe a nan. Lokacin da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci. Shi ya sa har yanzu ake ganin kwanukan tuwo da kunu suna shiga gidan makoki daga maƙwabta, don kada mai baƙin ciki ya haɗa da ɗora tukunya.

Tsofaffin ɗabi'u ba su kau da wuri ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ware babi a kan jana'iza da kaburbura a littafinsa Ihya'us Sunna, inda ya rarrabe sunna da abin da mutane suka ƙara. Bayan jihadin 1804 wa'azi a kan haka ya yaɗu, kururuwa da faɗuwa ƙasa suka zama abin tsawatarwa. Hawaye dai ba a hana su ba. Abin da aka sa a gaba shi ne haƙuri, har kalmar ta zama ginshiƙin gaisuwar gaba ɗaya.

A gidan Shehun ne kuma tuna mamaci a rubuce ya yi ƙarfi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'ishatu. Abin lura shi ne ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa Na'inna, mutumin da bai riƙe sarauta ba, kuma cikin abubuwan da ta tuna da shi akwai fara'arsa da son da yake yi dangi su ziyarce shi. Malama irinta ta ga sakin fuska ya isa a lissafa shi cikin ayyukan alheri, kuma wannan hukunci ne mai kyau, domin shi ne abin da talaka yake da shi da zai bayar kullum.

Ita kanta gaisuwar gajeriya ce, ba a tsawaita ta. Mai zuwa yakan tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma, ya ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, sannan ya dubi babban gidan ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" A amsa masa, "Haƙuri da godiya." Ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa halinsa na gari ya bi shi, ya albarkaci abin da ya bari." A ce, "Amin, Allah ya ba da lada." In baƙo ne daga nesa sai a miƙo masa ruwa. Tun a wurin jana'iza an riga an sanar cewa duk mai bin mamaci bashi ya ga wane, kuma an roƙi jama'a su yafe masa.

Bayan wannan ne shiru yakan sauka, kuma a nan ake gane irin mutumin da aka rasa. In mai raha ne, shirun ba ya daɗewa. Wani daga 'yan majalisarsu zai ce, "Allah sarki, ko shekaranjiya a nan ya sa mu dariya," ya kawo labarin yadda ya tsokani mai shayi, ko sunan da ya laƙaba wa wani har ya bi shi. Sai a yi murmushi, wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa yana share ido da bakin riga, a rufe da "Allah ya gafarta masa." Dattawa ba su cika hana wannan ba muddin bai zama shewa ba. Ɗan mamaci da ke zaune a gefe yana jin shaidar da ake yi wa mahaifinsa: ba ya riƙo, ba a zama da shi a yi baƙin ciki, yaro da babba nasa ne. Sau da yawa irin wannan hira ta fi doguwar nasiha sanyaya zuciyar iyali. A cikin gida ma haka ne, ƙawayen matar mamaci sukan zauna kusa da ita, su lallashe ta ta sa wani abu a bakinta, su tuna mata alherinsa.

Raha a gidan makoki tana da masu ita tun asali. Hausawa suna da wasa tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, da tsakanin al'ummu kamar Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarbawa. Mutuwa ba ta yanke wannan wasa nan take. Idan tsoho ya rasu, a wurare da dama jikoki sukan kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, su nemi a ba su rabonsu na sadaka, jikanya ta ce mijinta ya gudu ya bar ta ba kuɗin cefane. Abokin wasa kuma yakan ce wa mamacin ragon maza, ya tsere wa biyan kuɗin shara. Wanda bai san al'adar ba zai ɗauka rashin tausayi ne, alhali aikinsu ke nan, su sassauta wa gida nauyin da 'ya'ya ba za su iya sassauta wa kansu ba. A Nijar wasan dangi ya samu shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2014.

Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in sun daɗe suna bin makoki. Malamai kan taru su sauke Alƙur'ani, a raba gumba da waina. Sheikh Abubakar Gumi ya soki waɗannan taruka, kuma bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 gidaje da yawa suka bar su, suka tsaya a kwana uku. Mabiya Ƙadiriyya da Tijjaniyya da dama suna nan a kansu. A kan zuwa gaisuwa kuwa babu saɓani.

Hanyar kai labari ita ce ta fi sauyawa. A da ɗan aike ake tashi a ƙasa ko a kan keke, dangin nesa su iso bayan kwanaki. Daga baya gidajen rediyo suka riƙa karanta sanarwar rasuwa, sannan wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Rumfar haya da kujerun roba sun maye tabarma a birane, 'yan siyasa kuma sukan zo da ayari da masu ɗaukar hoto, abin da ke mayar da hankali kan mai gaisuwa maimakon mai rashi. Lokacin da ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disamba 2014, jama'a sun yi tururuwa zuwa garinsu Ɗanlasan da ke jihar Kano, mafi yawansu kuma ba abin da ya haɗa su da shi sai dariyar da ya ba su. Duk da waya, Bahaushe bai ɗauki kira a matsayin cikakkiyar ta'aziyya ga na kusa ba. Wanda yake tafiya lokacin rasuwa, ko bayan wata nawa ya dawo, sai ya taka ya je gidan.