Tarihin akwatin intanet na kebul: yadda wayar talabijin ta koma ɗaukar intanet da tarho

Makon jiya wani bawan Allah ya shigo shago da wani baƙin akwati da ya saya a wajen masu kayan gwanjo. Ga alamar Wi-Fi a jiki, ga ramuka huɗu na wayar kwamfuta, ga biyu na tarho, sai wani ɗan ƙarfe mai zare a baya irin na bayan dikoda. Ya ce, "Injiniya, ina ake sa masa layi?" Na ce, "Alhaji, wannan ba ya cin sim." Ya ce to mu jona shi da wayar dish, ai bakin iri ɗaya ne. Nan ma ba zai yi ba. Kuɗinsa dai sun tafi. Don kada kai ma ka faɗa, bari ka ji inda wannan akwati ya samo asali.

Labarin ya fara ne a Amurka a 1948, kuma babu ruwansa da intanet a lokacin. Akwai garuruwan da ke tsakanin duwatsu, siginal ɗin talabijin ba ya isa gare su. Ana danganta farkon dabarar ga mutane irin su John Walson, mai sayar da talabijin a garin Mahanoy City na jihar Pennsylvania, da Ed Parsons a Astoria ta jihar Oregon. Dabarar ita ce a kafa babbar eriya a wuri mai tsawo, sannan a ja waya zuwa gidaje. Wayar da ta zama jigon aikin ita ce mai tagulla ɗaya a tsakiya da ragar ƙarfe a kewaye, wadda Oliver Heaviside ya yi wa rajista a Ingila tun 1880. Ragar nan ita ke tsare siginal daga hayaniyar waje.

Shekara da shekaru wannan waya hanya ɗaya take bi: daga kamfani zuwa gida. Na'urorin ƙara ƙarfin siginal da ke kan turaku ma gaba kawai suke turawa. Shi kuwa intanet tafi-da-dawo ne, sai ka aika tambaya kafin a ba ka amsa. Shi ya sa a shekarun 1990 mutane suke shiga intanet ta wayar tarho, gudun bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, kuma muddin kana kai babu mai iya kiran gidanku.

Sai kamfanonin kebul suka lura cewa gurbin tashar talabijin guda ɗaya, mai faɗin megahaz 6, zai iya ɗaukar kusan megabit 40 a daƙiƙa. Ka kwatanta da kilobit 56, ka ga ai ba haɗi. Suka canja na'urorin kan turaku zuwa masu kai da kawowa, suka ja faiba har bakin unguwa, daga nan tsohuwar wayar ta ƙarasa cikin gidaje. Suka ware ƙasan zango, daga megahaz 5 zuwa 42, don saƙon da ke fita daga gida.

Matsala ta gaba ita ce kowane mai ƙera modam da nasa yaren. Kamfanin LANcity na Rouzbeh Yassini yana cikin na farko-farko, amma modam ɗin wani ba ya jin na wani. Cibiyar CableLabs, wadda kamfanonin kebul suka kafa a 1988, ita ta fitar da ƙa'ida guda a 1997 mai suna DOCSIS. A 1999 aka gyara ta yadda za a riƙa ba murya fifiko a kan sauran data, don kada magana ta riƙa yankewa. Daga nan tarho ya hau wayar talabijin. A 2006 DOCSIS 3.0 ya zo da ɗaure tashoshi da yawa wuri ɗaya, a 2013 kuma 3.1 ya kai ƙarfin saukewa har gigabit 10.

To akwatin da Alhaji ya kawo, wanda suke kira gateway, abu uku ne a riga ɗaya: modam mai magana da kamfani, rauta mai raba Wi-Fi, da na'urar da ke mayar da muryarka data. In kana ƙasar da ake da wannan tsari, ko kana da ɗan uwa a can, duk matakan haɗa shi daga wannan tarihi suka fito.

Na farko, ka ɗaura wayar bango a kan ƙarfen nan mai zare, ka murɗa da hannu har ta kama sosai. Ba wasa ba ne. Ƙasan zangon nan da ake aika saƙo ta cikinsa cike yake da hayaniyar kayan lantarki, kuma gidajen unguwa duk layi ɗaya suke rabawa. Baki ɗaya mai sako-sako zai iya zuba hayaniya ya ɓata wa maƙwabta intanet.

Na biyu, ka rage 'yan ƙarafan nan masu raba waya. Duk wanda ya raba gida biyu yana cinye kusan rabin ƙarfin siginal a kowane ɓangare.

Na uku, ka kunna ka yi haƙuri. Akwatin zai fara laluben tashar saukewa, sannan ya daidaita ƙarfin muryarsa da babbar na'urar kamfani, sannan ya karɓi adireshi da fayil ɗin da ke faɗa masa gudun da ka biya. Shi ya sa fitilun ke ƙiftawa ɗaya bayan ɗaya kafin su tsaya cak.

Na huɗu, akwai lambar MAC a takardar da ke jikinsa. Sai kamfani ya shigar da ita a rajistarsa, in ba haka ba ko shekara za ka yi babu abin da zai buɗe.

Na biyar, tarho a rami na ɗaya ake sa shi. Amma ka sani, tsohon tarhon girke daga ofishin waya yake samun wutarsa, ko an ɗauke wuta yana aiki. Wannan kuwa da wutar gidanka yake rayuwa, don haka sai da batir in kana so ka iya kira a lokacin larura. Daga ƙarshe ka canja kalmar sirrin da ya zo da ita.

Yanzu ka gane abin da ya sa bai yi wa Alhaji aiki ba. Mu hanyarmu daban ce. Kafin 2001 layukan tarho a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, sai GSM ya shigo a wannan shekarar kowa ya koma salula. Talabijin na biya kuma ta dish da eriya ya zo mana, ba a ja irin waccan waya gida-gida a unguwanninmu ba. Wayar dish ta yi kama da ita, amma ƙarshenta kan rufi ne, tana karɓa daga tauraron ɗan Adam kawai. Babu na'urar kamfani a can da za ta amsa wa akwatin.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin kowace rauta a kasuwa, ka juya bayanta. In ka ga ƙarfe mai zare an rubuta Cable, ajiye musu kayansu komai arha. Ka nemi mai wurin sim, ko mai ramin WAN in akwai kamfanin da ya kawo faiba unguwarku. Ka kuma duba takardar wuta, don wasu kayan Amurka na 120 ne kawai, tamu kuwa 230 ce. In ka jona kai tsaye, sai dai ka ji ƙauri.

Allah Ya sa mu amfana. Sai mun haɗu a darasi na gaba.