Amfanin Kwamfuta ta Biyu Mai Ɗauke da Linux a Ofisoshi da Makarantu

A sakatariyoyin ƙananan hukumomi da makarantu da ɗakunan shan magani da dama akan tarar da tsohuwar kwamfuta an ture ta gefe, ba don ta mutu ba, sai don an kawo sabuwa ko kuma ta yi nauyi wajen aiki. Wannan bayani mun shirya shi ne domin jami'ai da malamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma da sauran jama'a su san irin ayyukan da za a iya ɗora wa irin wannan na'ura idan an sauya mata babbar manhaja, tare da abubuwan da ba za ta iya yi ba.

Babbar manhaja da dalilin sauya ta

Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi da zarar an kunna kwamfuta, kuma a kanta ne sauran manhajoji na rubutu da lissafi da shiga intanet suke zama. Wadda aka fi sani a ofisoshinmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Kamfanin ya daina yi wa Windows XP gyaran tsaro a shekarar 2014, ya daina yi wa Windows 7 a watan Janairun 2020, sannan a ranar 14 ga Oktoba, 2025 ya kawo ƙarshen kulawar da yake bai wa Windows 10 ta yau da kullum. Ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗan da yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su cika ba, cikinsu har da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Kwamfutar da aka daina yi wa gyaran tsaro za ta ci gaba da kunnuwa, amma duk wata kafa da ɓarayin bayanai suka gano a cikinta daga baya a buɗe za ta zauna.

Linux wata babbar manhaja ce dabam, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, kuma kyauta ake samun ta bisa ƙa'ida. Tana da nau'o'i masu yawa. Ubuntu ta fito a 2004, kuma duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ana fitar da bugunta na dogon zango wanda ake yi wa gyaran tsaro na shekara 5. Ga wanda hannunsa ya saba da Windows, mun fi ba da shawarar Linux Mint, saboda fuskarta ta yi kama da abin da ya sani, kuma tana iya tashi a kan na'ura mai RAM gigabait 2, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki.

Ajiyar kwafin takardu

A ganinmu wannan shi ne aiki mafi muhimmanci. Jerin sunayen ma'aikata, da rajistar ɗalibai, da bayanan rabon taki, da takardun filaye, sau da yawa a cikin kwamfuta ɗaya tak suke, kuma rumbun ajiyar kwamfuta yakan mutu ba tare da sanarwa ba, musamman inda wuta ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi. Idan an ware rana guda a mako, misali Alhamis kafin a tashi aiki, aka kwafe muhimman folda zuwa kwamfuta ta biyu, to asarar da za a yi a mafi munin hali ba za ta wuce aikin mako ɗaya ba.

Bambancin manhajar yana da fa'ida a nan. Akwai nau'in ƙwayar cutar kwamfuta da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, irin WannaCry wadda a watan Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Birtaniya. Cutar da aka rubuta domin Windows ba ta aiki a kan Linux. Sai dai a lura da abu guda: irin wannan cuta tana bin duk foldar da kwamfutar da ta kamu ke iya rubutu a ciki, har da ta wata na'urar da aka haɗa su da waya. Saboda haka kada a bar foldar ajiya a buɗe ga babbar kwamfuta dare da rana. A haɗa, a kwafa, a cire. Haka kuma kwafi biyu a ɗaki ɗaya ba su tsira daga gobara ko ɓarawo ko yoyon rufi da damina ba, don haka takardun da ba za a iya sake haɗa su ba a yi musu kwafi na uku a rumbun waje, a ajiye a wani ginin.

Duba filashin baƙi

Duk wanda ya taɓa kai filashi shagon buga takardu ya san cutar nan da ke ɓoye fayilolin mutum ta bar masa gajerun hanyoyi na bogi, wanda idan ya danna sai ta bazu. Mutane da yawa kan goge filashin baki ɗaya, suna zaton aikinsu ya salwanta, alhali yana nan an ɓoye shi ne kawai. Idan aka soka wannan filashi a kwamfuta mai Linux, galibi fayilolin na gaskiya za su bayyana, tare da baƙin fayilolin da cutar ta zuba. Sai a kwashe na gaskiya, a goge filashin, a mayar da su. Ofishin da jama'a ke kawo wa takardu a filashi zai huta ƙwarai idan ya kafa doka cewa kowane filashi na waje sai ya bi ta wannan na'ura tukuna. Amma a sani cewa Linux, ko da cutar ba ta kama ta ba, tana iya ɗaukar fayil mai cuta ta miƙa wa Windows, don haka ba ta ɗauke wa babbar kwamfuta buƙatar maganin cuta ba.

Ɗakin karatu inda babu intanet

Ga makarantun karkara akwai manhajar Kiwix, wadda ke ba da damar sauke Wikipedia sau ɗaya a cikin gari, a kawo ta ƙauye a riƙa karantawa babu intanet. Ta Turanci mai hotuna ta haura gigabait 100, amma akwai ƙananan kashi na fannoni kamar lafiya da lissafi, kuma ta Hausa ba ta cin wuri sosai. Akwai kuma Kolibri, wadda aka tsara domin darussan makaranta. Idan an haɗa kwamfutar da ƙaramar na'urar waifai, masu wayoyin hannu da ke kusa za su iya karantawa daga gare ta ba tare da sun sayi data ba.

Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa ya shiga da nauyi biyu. Domin koyon linzami da allon rubutu babu ruwan yaro da sunan manhaja, kuma ya fi kyau masu koyo su yi kuskurensu a kan wannan na'ura da su yi shi a kan wadda ke ɗauke da albashin ma'aikata. Linux tana da allon rubutun Hausa da ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ, abin da kawai ake bukata shi ne a zaɓe shi a wurin saiti.

Abin da ba za ta yi ba

LibreOffice, wadda ke zuwa tare da Ubuntu da Mint, tana buɗe takardun Word da Excel kuma tana ajiyewa a tsarinsu, amma takarda mai tebura da ado da yawa takan ɗan goce, don haka a duba kafin a buga, ko a aika ta a matsayin PDF. CorelDRAW da Photoshop ba su da bugun Linux. Duk wata manhaja da ma'aikata ta turo domin albashi ko ɗaukar hoton yatsu, idan domin Windows aka yi ta, a bar ta inda take. Yawancin firintocin HP suna aiki ba wahala, wasu na wasu kamfanoni kuwa sai an nemo musu direba. Ubuntu da Mint na yanzu na'ura mai 64-bit suke bukata, wanda ke nufin kwamfutocin da suka tsufa ainun ba su shiga wannan lissafi ba. A wurin da ake dogara da sola ko janareta kuma, tsohuwar laftof ta fi kwamfutar tebur dacewa, domin cajarta galibi wat 45 ko 65 ce, kuma batirinta, idan da sauran rai, yana riƙe ta lokacin da wuta ta ɗauke.

Kafin a fara

Ana iya gwada Linux daga filashi mai gigabait 8 ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, a ga ko sauti da waifai da firinta suna aiki. Girka ta a kan rumbun gaba ɗaya kuwa yana shafe duk abin da ke ciki, don haka sai an kwashe tsofaffin fayiloli an kuma tabbatar suna buɗewa a wani wurin. Kwamfutar gwamnati kayan gwamnati ce: a nemi izinin shugaban sashe a rubuce, a sanar da jami'in sito, kuma a shigar da sauyin a rajistar kayan ofis. Tun da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa hukumomi alhakin tsare bayanan mutanen da suke riƙe da su, na'urar da aka ware domin ajiyar takardun ma'aikata ko na majinyata kada ta zama ita ce ta koyon ɗalibai. A sa mata kalmar sirri, a rubuta kalmar a rufe a ambulan wurin shugaban sashe, domin kada a yi wa jami'i ɗaya canjin wurin aiki ya tafi da ita a kansa.