Ibnun Nafis da Hanyar Jini Cikin Huhu

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ya san darajar sharhi, ya kuma san cewa galibi mai sharhi sawun marubucin asali yake bi, yana warware lafazi, yana kawo hujja, ba kasafai yakan ce shehinsa ya yi kuskure ba. Amma a shekarar 1242, a birnin Alƙahira, wani likita mai suna Ala'uddin Ali ɗan Abil Hazmi, wanda aka fi sani da Ibnun Nafis, ya yi wa babobin halittar jiki na Alƙanun, littafin Ibnu Sina, sharhi, kuma a cikinsa ya rushe wata magana da likitoci suka shekara fiye da dubu suna karɓa hannu bibbiyu.

Maganar ta Jalinusa ce, babban likitan Yunanawa na ƙarni na biyu, wanda ya riya cewa jini yana ƙetarawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu kafofi da ido ba ya gani, a jikin shamakin da ya raba ɗakunan biyu. Ibnun Nafis ya ce faufau, shamakin nan kauri gare shi, ba shi da kafa ta fili balle ta ɓoye. Ba makawa jinin ya fita daga dama, ya bi jijiya zuwa huhu, ya watsu a cikinsa, ya gauraya da iska, sa'an nan ya komo ta wata jijiyar zuwa hagu, inda, bisa fahimtar zamaninsa, ruhin da ke motsa gaɓoɓi yake samuwa. Har ma ya hakaito cewa dole akwai ƙananan mahaɗai tsakanin jijiyoyin biyu a cikin huhun kansa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne faɗarsa cewa bai feɗe gawa ba, saboda kiyaye shari'a da kuma tausayin da ke ransa, domin kuwa shi fakihi ne a mazhabar Shafi'iyya, yana karantar da fiƙihu kamar yadda yake duba majinyata.

Ba daga sama ya faɗo ba. A Dimashƙa ya yi karatu, a bimaristan ɗin da Sarki Nuruddin Zanki ya gina a 1154, watau asibiti mai haɗe da makaranta, inda almajiri yakan bi malaminsa gado-gado da safe, ya zauna gaban littafi bayan haka. Shehinsa kuwa shi ne Muhazzabuddin Addakhwar. Da ya koma Masar ya zama shugaban likitoci, ya ɗauko wani gagarumin littafi, Ashshamil, da niyyar mujalladi 300, ya kammala 80. Da ajali ya zo masa a 1288, sai ya zamana ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri, wanda Sarki Ƙalawun ya gina shekara huɗu kacal kafin nan.

Sai dai duniya da ban mamaki take: taƙaitaccen littafin da ake jingina masa, Almujaz, wanda ya sauƙaƙe wa ɗalibai Alƙanun, shi ya zaga ƙasashe, aka yi ta yi masa sharhi, alhali batun huhu bai sami masu ɗaukarsa da yawa ba. A Turai, Mika'ilu Sabetus ya ambaci wannan hanyar jini a 1553, shekarar da aka ƙone shi a Janiba kan saɓanin aƙida. Wiliyam Habi na Ingila ya bayyana zagayen jini gaba ɗaya a 1628. Sai a 1661 Malfigi na Italiya ya ɗora huhun kwaɗo ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, ya ga mahaɗan nan siraran da Ibnun Nafis ya hakaito. Abin da aka tabbatar daga baya shi ne, jini da iska ba sa cuɗanya kai tsaye: maƙogwaro yana rarrabuwa kamar rassan itace har ya tuƙe a miliyoyin 'yan jakunkunan iska, kowace lulluɓe da jijiyoyi, tsakaninsu da jini wata fata ce marar kauri ƙwarai, wadda iskar oksijin take ratsawa ta shiga jini, gurɓatacciyar iskar kabon kuma ta ratso a fitar da ita da numfashi.

Sharhin Ibnun Nafis kuwa bai dawo bakin likitocin zamani ba sai a 1924, lokacin da wani ɗan Masar mai neman digirin likita a Jamus, Muhyiddin Attatawi, ya ci karo da kwafinsa na rubutun hannu a ɗakin karatu na Balin, ya rubuta kundinsa a kansa.